Littafin ga ya yi, wancan bai yi ba: da wace tiya masu karatu ke awo?

Tun ƙarshen watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya fito ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma su zama harsunan aiki, wata tambaya ta fara yawo wadda a da malaman lekwal da ƴan jami'a kaɗai ta dama: in har karatun Hausa zai ƙaru, to waɗanne littattafai za a miƙa wa yara? Kundin bai ambaci littafi ko guda ba, dama ba aikinsa ba ne. Amma a Yamai da Tawa, a fada wurin shan shayi da cikin gurup-gurup na WhatsApp, da an taɓo zancen sai a koma kan littattafan da mutane suka riga suka karanta, nan kuma ake rabuwa. Littafi ɗaya ne, wannan ya ce bai taɓa karanta kamarsa ba, wancan ya ce ɓata lokaci ne da ɓata tarbiyya, kuma dukkansu sun karanta shi har ƙarshe, babu mai ƙarya a cikinsu. Uba ko uwa da ke neman abin da za su saya wa ɗiyarsu su ne ke shiga ruɗani, don ba su san maganar wa za su ɗauka ba.

Ra'ayi daban, sharhi daban

Kafin a shiga littattafan kansu ya kamata a raba abubuwa uku da ake cakuɗawa. Ra'ayi shi ne abin da mai karatu ya ji a ransa, ya yi mini daɗi, ya sa ni kuka, na ƙosa da shi tun shafi na goma. Ba a neman hujja a kansa, kuma ba a ƙaryata mutum a kan abin da ya ji. Sharhi ya wuce nan, mai sharhi sai ya nuna wurin, ya ce ga inda labarin ya yi rauni, yarinyar nan da aka nuna mana matsoraciya tun farko ga ta ta tashi ta mari surukarta ba tare da an nuna abin da ya sauya ta ba. Nazari kuma aikin makaranta ne, irin wanda ake yi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, inda ake warware littafi gaɓa-gaɓa. Masu nazarin adabin Hausa suna da kalmominsu: jigo shi ne saƙon da labarin ke ɗauke da shi, zubi da tsari shi ne yadda aka jera abubuwan da suka faru, salo shi ne yadda marubuci ke sarrafa harshe, taurari kuma su ne mutanen cikin labarin.

Mafi yawan abin da ke yawo a waya ra'ayi ne, sai dai ana faɗinsa da murya irin ta hukunci. Kuma ko da an kawo hujja, kowa da abin da ya sa gaba. Wani harshe yake dubawa, wani darasi, wani yana son ya ga rayuwarsa a ciki, wani tarihi na gaskiya yake nema, wata kuma so take labarin ya riƙe ta ta kasa ajiye waya har a kira assalatu. Kamar masu awon hatsi ne a kasuwa da kowa ya zo da tiyarsa, buhu ɗaya ne amma lissafi ba zai taɓa zuwa daidai ba.

Daga ina gardamar ta samo asali

Ƙagaggen labari na Hausa a rubutun boko yana da ranar haihuwa sananniya. A 1933 hukumar fassara ta Zariya ƙarƙashin Baturen mulkin mallaka Rupert East ta shirya gasa, daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. An yi su ne don makaranta, hukuma ta tace su, ta buga su, ta raba su. Shekaru da dama haka abin ya tafi, littafin Hausa sai ya bi ta hannun edita kafin ya isa hannun mai karatu. Ko So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, ta hanyar gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya fito.

A tsakiyar shekarun 1980 ne abin ya juya. Tattalin arziƙin Najeriya ya shiga matsi, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa a Kano, mata da yawa a cikinsu, suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kai wa ƴan kasuwa. Ƙananan littattafai ne masu arha, kashi na ɗaya, na biyu, na uku, yawancinsu kan soyayya da aure da zaman kishi. Sunaye irin su Balaraba Ramat Yakubu, Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa daga nan suka fito. A shekarun 1990 aka yi doguwar mahawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano yana ganin ba su da nauyin da za su daɗe, Abdalla Uba Adamu kuma ya kare su da cewa sun sa dubban matasa karatun Hausa kuma suna nuna sauyin da al'umma ke ciki. A 2007 abin ya kai har an ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Ibrahim Shekarau. Duk wanda ya saurari gardamar da ake yi yau a Yamai zai ji hujjojin nan guda biyu ne ake maimaitawa, ko da masu yin ta ba su taɓa jin sunan waɗancan malamai ba.

Nijar kuma tata hanyar daban ce. Lekwal da Faransanci ta zo, don haka manyan marubutan ƙasar da Faransanci suka yi rubutu: Ibrahim Issa, Boubou Hama da ya ci babbar kyautar adabin Afirka a 1971, Idé Oumarou da ya ci ta a 1978, Amadou Ousmane, Abdoulaye Mamani da sauransu. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sai a 1973 aka fara su a Damagaram, kuma ba su game ƙasa ba. Littattafan Hausa na hira ta iyaka suka riƙa shigowa, ta Maraɗi da Ƙonni da Damagaram, cikin kayan ƴan kasuwa, ana saye ana haya ana ara wa juna har bango ya cire. Wannan ya haifar da masu karatu iri-iri a gari guda: wanda ya tashi da roman, wato ƙagaggen labari na Faransanci, wanda ya tashi da littattafan Kano, da wanda karatunsa na allo da islamiyya ne, ma'auninsa na littafi mai kyau shi ne wa'azi da waƙoƙin malamai. In suka zauna fada ɗaya dole a ji bambanci.

Tsofaffin littattafai: harshe mai daɗi, duniya mai nisa

A kan littattafan Abubakar Imam kusan babu saɓani ta fuska ɗaya, kowa ya yarda Hausar ta zauna. Magana Jari Ce, mai kashi uku, da ya fito a ƙarshen shekarun 1930, har yanzu shi ake kawowa misali in ana zancen iya zuba magana, ga karin magana ga ban dariya, jimla ba ta yi wa mutum nauyi a baki in yana karanta wa yara da ƙarfi. Masu yabo suna ƙarawa da cewa uba zai iya barin ɗansa da shi ba tare da fargaba ba.

Masu suka suna da ƙorafi biyu. Na farko, labarai da yawa a ciki an ɗauko tushensu ne daga waje, daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Indiya da na Turai, aka sa musu rigar Hausa. Wannan gaskiya ne kuma masana sun daɗe da nuna shi, sai dai masu kare Imam suna cewa gwanintar tana wurin sa rigar, tunda mai karatu ba ya jin baƙunta ko kaɗan. Na biyu, matasa na cewa duniyar sarki da waziri da aku mai ba da labari ta yi musu nisa, kuma mata a cikin irin waɗannan littattafai ba su cika samun bakin magana ba, ana ba da labarinsu ne, ba su ke bayarwa ba. Shaihu Umar shi ma haka, ana yaba masa don ya taɓo bauta da fataucin bayi ta hamada da natsuwa, wasu kuma natsuwar ce ke damunsu, suna ganin an bi zafin abin da sanyi.

Littattafan soyayya, inda ƙura ta fi tashi

Nan ne ra'ayi ya fi rabuwa, kuma nan ne ya fi kyau a saurari kowane ɓangare da kyau, don kowanne yana riƙe da wani abu na gaskiya.

Masu son su, mata musamman, abin da suka fi faɗi shi ne a nan suka fara ganin kansu a rubuce. Auren dole, cire yarinya daga makaranta, mijin da ya ƙaro aure ya juya wa uwargida baya, uwar miji, sakin da ke barin mace da ƴaƴa ba ko sisi, abubuwa ne da ake yi a cikin gidaje amma ba a zancensu a fili. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin mace ce da miji ya kora da ƴaƴanta bayan ya auro wata, ta tashi ta nemi na kanta, kuma ya yi ƙarfin da har aka fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Wa Zai Auri Jahila? nata kuma kan karatun ƴa mace ne. Mai karatu a Tawa da aka aurar tana ƙarama ba ta buƙatar a yi mata bayanin jigon. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika lissafawa ba a nan Nijar: mata da yawa da lekwal ba ta koya musu karanta Hausa ba, a kan waɗannan littattafai suka koya da kansu, suna haɗa baƙaƙen Faransanci da suka sani har ido ya saba.

Masu suka kuma ba duka ne masu wa'azi ba, wannan kuskure ne da ake yawan yi. Akwai dai masu kallon tarbiyya, suna cewa littattafan na koya wa yara soyayyar ɓoye da raina zaɓin iyaye, kuma wasu na yanzu da ke yawo a waya sun shiga bayanin shimfiɗa ƙuru-ƙuru, abin da marubutan farko ba su yi ba. Wannan ƙorafi ko a cikin marubutan kansu akwai masu yin sa. Amma akwai masu suka ta fuskar sana'ar rubutu zalla. Suna cewa labaran sun yi kama da juna, yarinya talaka kyakkyawa fara mai dogon gashi, saurayi ɗan mai kuɗi mai girman kai da ba ya dariya, gida kamar fadar sarki, mota kala-kala, sai kishiya ko uwar miji da ba ta da wani aiki a duniya sai zuwa wurin boka. Mugu mugu ne tun daga shafin farko har na ƙarshe, nagari kuma ba ya kuskure. Ana ɓata shafi uku wajen bayanin leshi da turare da abin da aka jera a tebur, amma babban abin da ya juya labarin a wuce shi da layi biyu, ko a kashe matsala da hatsarin mota don marubuci ya rasa mafita. Suna kuma nuna tasirin fina-finan Indiya, wanda shi ma Abdalla Uba Adamu da ke kare littattafan ya yi rubutu a kansa.

Abin lura shi ne ɓangarorin biyu ba sa amsa wa juna kai tsaye. Wadda ta ce littafin ya faɗi abin da ke cikin gidanta, jigo take yabo. Wanda ya ce an ja labarin ba dalili, zubi yake suka. Ana iya samun littafi mai jigo mai ƙarfi da zubi mai rauni, kuma da yawansu haka suke. Sannan kalmar littattafan soyayya kanta ta tara abubuwa da ba su kama da juna ba, daga aikin marubuciya da ta shekara talatin tana rubutu har zuwa na ƴar makaranta da ta fara jiya a waya, don haka hukunci ɗaya a kansu duka, na yabo ko na zagi, ba ya tsayuwa.

Labari ko tarihi

A ɓangaren littattafan Nijar na Faransanci gardamar wata iri ce. Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, shi ne misali mafi kusa. Yana ba da labarin Sarauniyar Lugu da ta yi tsayin daka gaban rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta bar ɓarna mai yawa a hanyarta har da abin da ta yi wa Birnin Ƙonni. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1987. Masu yabo suna cewa littafin ya ɗauko mace Bahaushiya daga gefen tarihi ya sa ta tsakiya, ya ba ƙasa jaruma, kuma rubutun gajere ne mai zafi ba ya jan ƙafa. Masu ja da baya suna cewa Mamani ya ƙara abubuwa da yawa daga tunaninsa, kuma mutane sun ɗauki roman ɗin tamkar littafin tarihi, har abin da ya ƙaga ya shiga bakin jama'a a matsayin abin da ya faru. Wasu kuma ba su ji daɗin yadda ya zana wasu sarakuna da malamai na lokacin ba.

A nan ma tambayar ita ce me aka je nema. Mamani ɗan siyasa ne na jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku, roman ya rubuta, kuma marubucin roman yana da damar ƙagawa. Mai son sanin abin da takardu da bakin dattawa suka tabbatar, aikin masana tarihi zai nema, irin wanda Djibo Hamani ya yi a kan Adar. Matsalar tana tasowa ne in malami a aji bai raba wa ɗalibai biyun ba.

Mutanen Tawa suna da nasu misalin a gida. Mahamadou Halilou Sabbo, ɗan garin, ya fitar da Abboki a 1978 kan samarin da ke barin ƙauye su nufi bakin teku neman kuɗi. A yankin da kusan kowane gida ke da wani a Abijan ko Libiya ko Najeriya, ba a gardama kan cewa jigon ya taɓa rayuwa. Ƙorafin da ake yi shi ne waɗanda labarin ya fi shafa, ƴan bida da matan da aka bari a gida, su ne mafi ƙarancin iya karanta shi, tunda da Faransanci yake.

Hausar wa?

Akwai wani ma'auni da mai karatu na Kano ba ya ma lura da shi amma a Nijar yana da nauyi. Littattafan da ke zuwa daga Najeriya, musamman na waya, cike suke da Ingausa, wato cakuɗa Hausa da Ingilishi, wani lokaci saurayi da budurwa su yi hira rabin shafi da Ingilishi tsantsa don a nuna ƴan boko ne. Mai karatu a Legas ko Kaduna abin ba ya damunsa, amma ƴar Tawa da ta yi lekwal da Faransanci sai ta tsallake wurin, ko ta tura wa wata ta fassara mata, kuma sau da yawa nan ne maganar da ta fi muhimmanci take. Don haka littafin da aka yaba a can da wayewa, a nan ana iya cewa ya cika wahala.

Sai karin harshe. Ba'adare yana cewa shina, munka tahi, mi ya hwaru, a littafi kuma yana, muka tafi, me ya faru zai gani. Wasu na ganin hakan daidai ne, rubutu na buƙatar daidaitacciyar Hausa guda da kowa zai gane daga Agadas har Zariya. Wasu na cewa in duk taurarin labari da bakin Kano suke magana, ko da an ce ƴan Illela ne ko Keita, to an rage wa labarin gaskiya. Hanyar da marubuta da dama ke bi ita ce su ba da labari da daidaitacciyar Hausa, su bar taurari su yi magana da bakin garinsu, da lekwal da mushe da kaye da jandarma yadda ake faɗi a titi. Ko a ƙa'idar rubutu akwai ɗan bambanci, Nijar na rubuta ƴ, Najeriya na rubuta 'y, a waya kuma yawanci ba a sa ƙugiya ko ɗaya, ga raba kalma da haɗe ta yadda aka ga dama. Malamai suna ɗaukar wannan babban aibi, tunda yaro abin da idonsa ya saba gani shi zai rubuta a kaye. Masu karatun nishaɗi kuma da yawa ko a jikinsu, in dai sun gane.

Waya ta sauya wanda ke da iko

A zamanin littafin takarda, sai an gama an buga sannan mai karatu ya faɗi ra'ayinsa, ra'ayin kuma ba ya sauya komai a littafin. Yanzu ba haka ba ne. Marubuciya tana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad ko Facebook, ta ba da na farko kyauta, in ya kama mutane sai ta ce sauran na kuɗi ne, a biya a shiga gurup. Da yawa suna ajiye lamba ta musamman don ƴan Nijar su tura sefa. Kowane dare bayan ta saki shafi sai sharhi ya biyo baya, Anti don Allah kar ki raba su, Anti wallahi in kika kashe shi na bar karantawa, a ƙara wa muguwar nan azaba ba ta ji komai ba tukuna. Marubuciyar tana karantawa, kuma shafin gobe bai rubutu ba tukuna. Ko ta so ko ba ta so ba, ra'ayin masu biya yana shiga cikin alƙalaminta.

Wannan yana bayyana wasu daga cikin raunin da ake ƙorafi a kai. Labari yana tsawo fiye da ƙima don muddin ana biya ba a son a rufe, ƙarshe yana zuwa yadda masu rinjaye ke so ko da bai dace da yadda aka faro ba, kuma babu edita a tsakani da zai ce cire wannan, gyara wancan. Ta ɗaya gefen kuma, tsarin ya buɗe ƙofa ga matan da ba za su taɓa samun kamfanin ɗab'i ba, suna cikin ɗakinsu suna rubutu suna samun na cefane, kuma ƴar Nijar na iya samun masu karatu a Sakkwato da Kumasi ba tare da ta taka tasha ba.

Suka ta gaskiya kuma ta yi wuya a irin wannan fili. Kowace marubuciya da masoyanta, wanda ya nuna rauni sai a ce hassada ce ko an turo shi, wani lokaci a fitar da shi daga gurup. Yabo ma ba duka ne na tsakani da Allah ba, akwai na talla da na ƙawance. Shi ya sa ra'ayin da ya nuna shafi da dalili ya fi abin dogaro a kan wanda ya tsaya ga ya yi ko bai yi ba, ko da na biyun ya fi yawan masu danna masa hannu. Gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don gajerun labaran mata, ta kawo wani ma'auni na daban tunda alƙalai ne ke zaɓe bisa ƙa'ida, amma zaɓin alƙalai da na masu karatun waya ba kullum suke haɗuwa ba.

Akwai kuma sabon rukuni na masu ra'ayi, masu saurare. Ana karanta littattafai a rediyo da YouTube, ana tura muryar a waya, mace na aikin gida tana ji, direba na tuƙi yana ji. Wanda bai iya karatun boko ba yanzu yana da ra'ayi a kan littafi, kuma ra'ayinsa yana haɗe da muryar mai karantawa, mai murya mai daɗi na iya ɗaga labari mai rauni, kuskuren rubutu kuwa kunne ba ya ganinsa sam.

Abin da zai iya shafar mutane

Ga iyaye, abin da ya fi kusa shi ne ba za a iya dogara da sunan rukuni ba. Cewa littafin Hausa ne ba ya nufin ya dace da ƴar shekara goma sha biyu, cewa na soyayya ne kuma ba ya nufin batsa ce. Littafin takarda ana ganinsa a ɗaki, ana iya buɗawa a duba, na waya kuma yana cikin gurup da uwa ba ta ciki, babu kuma alamar shekaru a kansa sai in marubuciyar ta ga dama ta rubuta na matan aure ne, wanda sau da yawa ƙara jan yara yake yi. Hukumar tace littattafai irin ta Kano ba ta da iko a nan, ko a can ɗin ma abin da ke yawo a waya ya fi ƙarfin tacewa.

Ga malamai, in karatun Hausa ya faɗaɗa a lekwal, za a buƙaci littattafan karantawa da yawa fiye da waɗanda ake da su. Cibiyar gwamnati ta INDRAP na yin littattafan koyarwa, kamfanoni irin su Gashingo a Yamai sun buga littattafai cikin harsunan ƙasa, amma ƙagaggun labarai na Hausa da ƴan Nijar suka rubuta aka buga a takarda ba su kai yawan na Najeriya ba ko kusa. Ke nan ko dai a jingina da na Zariya da Kano, da bakinsu da tarihinsu da nairarsu, ko a fassara na Faransanci irin su Abboki da Sarraounia zuwa Hausa, ko a zuba kuɗi a sabon rubutu. Kowace hanya da tsadarta, kuma fassara na buƙatar izinin masu haƙƙi. Akwai kuma ƴan ƙasa masu Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci da Barbarci da ke tambayar ina matsayin nasu littattafan, tambayar da duk wani tsarin karatu zai ci karo da ita.

Ga marubutan Nijar, kasuwa na iya buɗewa, amma satar fasaha na cin su tun yanzu. Littafin da aka sayar wa mutum ɗaya, kafin gari ya waye an kwafe shi an watsa a gurup goma kyauta, na takarda kuma a yi masa fotokopi. Masu shimfiɗa littattafai a ƙasa a kewayen Babbar Kasuwar Yamai sun fi samun ciniki a kan littattafan lekwal lokacin komawa makaranta, don su ne dole, labarin hira kuwa mai saye zai ce yana da shi a waya. In makarantu suka sa wasu littattafan Hausa cikin tsarin jarrabawa, waɗannan za su koma cikin na dole, a buga su da yawa, a same su har Abalak da Bouza, kuma kwamitin da zai zaɓe su zai fuskanci tambayoyin nan da ake yi a fada, na harshe da tarbiyya da tarihi da karin wane gari, sai dai shi dole ya fitar da jerin sunaye a rubuce.